Shekarar da Ummi ta zaunar da ni karatu

Ku ƙananan cikinku kun buɗe ido kun same ni a ɗakin sikeli, ina zaune kan kujera ina rubuta nauyin manyan motocin da ke fita da dutse, mutane suna ce mini Malam Garba akawu, shi ya sa kuke tsammanin tun asali ni mutumin takarda ne. Kun kuma taso kuna jin ana tsokanar yayarku Ummi duk ranar da aka taru da salla, ana cewa ungozomar da ake ji da ita a Garwa ta taɓa faɗuwa jarrabawar bepese, ita kuma ta yi dariya ta ce wasa ne ya yi mata yawa a lokacin. Maganganun nan biyu duk suna neman gyara, kuma shekara ɗaya ce ta haife su, don haka zan ba ku labarinta yadda ta kasance.

Ni ɗan mahauci ne, a Garwa aka haife ni. Na yi makarantar boko har ƙarshen firamare, daga nan mahaifina ya ce ya isa haka, ya ba ni wuƙa ya tsayar da ni a gefen tebur. Fawa ba ta karɓe ni ba. Bayan rasuwarsa na bar wa ƙannena teburin na tafi Figil, na shiga aikin fasa dutse a wurin wani ɗan kwangila da ke kai wa masu siminti farin dutse. A can na auri Innarku Dija, Bafulatanar Bogo, a can aka haife ku duka. Shekara ashirin ina ɗaga guduma, Faransancin da na koya a makaranta ya tsiyaye, sai ɗan na gaisuwa da na cacar baki da direbobi. Ummi ce babba. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, Uwata nake ce mata. A shekarar nan tana da sha biyar, tana ajin da ake rubuta bepese, jarrabawar da in yaro ya ci yake wucewa manyan azuzuwan lise, wato babbar sakandare.

Wata safiya na sunkuya zan juya wani dutse da bai ma kai waɗanda na saba juyawa ba, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna. A kan buhu aka kawo ni gida. Na yi sati uku a kwance kafin a kai ni asibiti a Garwa, likita ya ce zan tashi, zan yi tafiya, amma ni da guduma mun rabu ke nan. Shekaruna arba'in da ɗaya, ku shida ne a gidan, autan lokacin yana goye. Innarku ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida ba tare da ta shawarci kowa ba, ni kuma ina kwance a zaure ina jin ƙarar mai a kasko, ina jin kunya kamar ta kashe ni.

Wanda ya kawo mini mafita abokin aikina ne Bitrus, mutumin kan duwatsun wajen Mokolo, Kirista, wanda muka yi shekaru muna cin abinci kwano ɗaya a bakin rami. Ran Lahadi bayan ya taso daga coci ya shigo da leda a hannu. Ya ce tsohon akawun sikeli zai ajiye aiki da damina, kuma ɗan kwangilar ya ce ba zai ba kowa wurin don sanayya ba, jarrabawa za a yi nan da wata uku, dikte, wato shiftar Faransanci, da lissafi, duk mai takardar firamare yana iya zama. Na ce masa ya bar yi mini ba'a. Ya zazzage ledar a kan tabarma, tsofaffin littattafan 'ya'yansa ne guda huɗu, gefensu duk ya nannaɗe.

"Garba, bayanka ne ya karye, kanka yana nan," in ji shi. "Ka gwada. In ka faɗi, ai a kwance dama na same ka."

Na fara karatu yadda na ga ya dace da babban mutum. Bayan la'asar sai in lallaɓa da sanda zuwa gindin darbejiyar da muke hira, in jingina, in buɗe littafi a cinya. Rediyo na gefe yana ba da labarin ƙwallo, biyu suna dara, duk wanda ya wuce sai mun gaisa da Fulatanci har mu tambayi lafiyar shanu. Ina bin shafi daga sama har ƙasa, in juya, in bi na gaba. Wata rana in yi shafi goma sha biyar, in dawo gida ina jin kaina. Sati uku na yi a haka, har na gama littafin nahawu na kama na lissafi, ina gaya wa Innarku cewa abin ba wuya, tuni ne kawai.

Wata rana da yamma Ummi ta kawo mini ruwa a zaure. Ta durƙusa ta ajiye kwanon, maimakon ta tashi sai ta tsaya tana kallon littafin da ke hannuna. Ta tambaye ni cikin ladabi inda na kai, na nuna mata da yatsa. Sai ta miƙo hannu a hankali ta rufe littafin a kan yatsan nawa.

"Baba, faɗa mini abin da shafin ya ce. Da Hausa ma ya isa."

Na san akwai zanen tanki a shafin, na san akwai lambobi a ƙarƙashinsa, amma ko kalma ɗaya ba ta zo mini ba. Shafin da na gama karantawa ke nan, yatsana ma bai bar kansa ba. Abin da na yi bayan nan ba na alfahari da shi. Na daka mata tsawa, na ce yaushe aka haife ta da za ta titsiye ni, na ce ta ɗauke kwanonta ta ba ni wuri. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ran nan. Ta ɗauki kwanon ta shige, ba ta yi kuka a gabana ba.

Innarku ba ta taɓa zama a aji ba, amma ta fi ni ganin abu. Ta bari har na ci tuwo, sannan ta zo ta zauna a bakin ƙofa tana tsince wake, ta yi mini magana da Fulatanci kamar yadda take yi in abu ya dame ta. Ta ce ita ba ta san takarda ba, amma ta ga yadda yarinyar nan take karatu, ta ga yadda nake yi, kuma ba iri ɗaya ba ne. Ta ce yarinyar takan rufe littafi ta yi ta magana da bango kamar mai taɓin hankali, ni kuwa ina riƙe da nawa kamar mai riƙe da mafici. Ta ce in girma nake so a gidan nan ina da shi, ba wanda zai ƙwace mini, amma girma ba zai zauna mini jarrabawa ba.

Washegari bayan sallar asuba na tsaya a ƙofar ɗakinsu na yi sallama. Ummi ta fito da kallabi a karkace, tana tsammanin wani faɗan ne. Na miƙa mata littafin.

"Uwata, nuna mini yadda kike yi."

Daga ranar rayuwar gidanmu ta sake tsari. Abu na farko da ta raba ni da shi gindin darbejiya ne. Ta ce kai ba ya ɗaukar rediyo da gaisuwa da lissafi a lokaci guda, ɗaya zai ɗauka ya zubar da sauran, kuma kullum lissafin yake zubarwa. Ta share wani lungu a bayan rumbu inda ba a ganin ƙofar gida, ta shimfiɗa tabarma, ta jingina mini matashi a bango saboda ƙuguna. Nan ne wurin karatu, ba a cin abinci a nan, ba a hira a nan. Lokaci kuma da sassafe, daga sallame salla, kafin zafin bazara ya taso ya dafa wa mutum ƙwaƙwalwa. Ba mu da agogo a tsakar gida, sai ta ɗaura mu a kan tukunyar Innarku. In Inna ta hura wuta mu buɗe littafi, in ta sauke kunun gyaɗa mu rufe. Sai in tashi in taka zuwa ƙofa in dawo, in sha kunu, mu sake zama na biyu har rana ta taɓa saman rumbu, ita kuma ta sa kayan makaranta ta fita da gudu. Na yi mata ƙorafi cewa wannan ɗan lokaci ba zai kai ni ko'ina ba, ni da nake shafi goma sha biyar a zama ɗaya. Ta tambaye ni, a cikin sha biyar ɗin, shafi nawa ne suka kwana a kaina.

Shafi ɗaya muke yi, wani lokaci rabi. In karanta sau biyu, ta karɓe littafin ta ɗora a kan cinyarta, in faɗa mata abin da na gane da Hausa, sannan in sake faɗa da Faransancina mai ɗingishi. Inda na tsaya cak, nan ne ban gane ba, nan za mu koma. Wannan rufe littafin shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi, ya fi fasa dutse, domin dutse ba ya nuna maka jahilcinka. Kullum sai ta yi mini dikte layi biyar, tana karantawa a hankali tana kallon hannuna. Ta yanka wani tsohon littafinta na rubutu gida biyu ta ba ni rabi, ta ce wannan na kurakurai ne kaɗai. Duk kalmar da na ɓata, duk lissafin da na karkace, a ciki zan rubuta shi daidai da hannuna. Ba za ta tambaye ni washegari ba, sai ta bari kwana uku sun wuce, na fara mantawa, sannan ta ɗauko shi ba zato. Ta ce abin da aka kusa mantawa aka kamo shi, shi ne yake zama. Da rana in zafi ya yi yawa ba ta yarda in taɓa takarda ba, da dare kuma ta ce in kwanta da wuri, wai kan da bai yi barci ba rariya ne. Na tambaye ta wa ya koya mata duk wannan. Ta ce ba kowa, ta gaji ne da karanta abu sau goma ta shiga aji ta rasa shi, sai ta yi ta gwadawa har ta samu abin da ya yi mata.

Ba zan ce muku kullum lafiya muke tashi ba. Akwai ranar da raba lamba mai waƙafi ta sa na jefar da fensir har cikin akurkin kaji, Ummi ta je ta ɗauko ta goge a zaninta ta miƙo mini. Akwai ranar da na kawo dikte ba kuskure ko ɗaya, ta tashi ta kai wa Innarku takardar a bakin murhu, Inna ta riƙe ta a juye tana gyaɗa kai, muka yi ta dariya har ƙuguna ya motsa. Abokan hirata suka fara cewa Garba ya shiga kulle. Bitrus kaɗai ke leƙowa ran Lahadi, ya ba ni nauyin mota da kaya, ya ba ni nauyinta ba kaya, ya ce in fitar masa da nauyin dutse kafin ya gama shan ruwa.

Yanzu na zo wurin da ya sa na ɗauki alƙalami. Saura kamar wata ɗaya da rabi a yi bepese, malaman su Ummi suka shirya wa 'yan ajinsu bita ta musamman da sassafe kafin a shiga aji, domin su bi da su ta wuraren da suka fi wuya. Lokacin bitar nan shi ne daidai lokacin zamanmu a bayan rumbu. Ummi ba ta gaya mini ba. Innarku ce ta ji daga bakin wata maƙwabciya da ta zo sayen ƙosai, ta tambayi abin da ya sa ba a ganin 'yarta a karatun safe. Da Inna ta faɗa mini na kira Ummi na tambaye ta. Ta ce ba dole ba ne, na waɗanda aka bari a baya ne, ita za ta yi nata da yamma. Na san da yamma ita ke ɗebo ruwa, ita ke wanke wake, ita ke riƙe auta in Inna tana suya. Na san kuma kimiyya tana ba ta wuya, don na sha jin tana faɗa wa bango ita tana tsayawa a tsakiya. Duk na san wannan. Kalma ɗaya ce a bakina, in ce mata ki tafi bitarki, ni zan yi da kaina. Na duba littafin kurakuraina, na tuna yaran da za su zauna tare da ni, na tuna ku shida, sai tsoro ya kama ni. Na ce mata to, tunda ba dole ba ne. Ta ce to, Baba. Innarku ta dube ni, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

An yi jarrabawarmu a Garwa, a wani ɗaki mai fanka ɗaya. Mu goma sha wani abu ne, ni ne babba, akwai samarin da suka yi lise suna juya biro a yatsa. Aka raba takarda. Sai na yi abin da aka saba mini da shi: na karanta tambaya sau biyu, na rufe ta da tafin hannu, na faɗa wa kaina da Hausa abin da ake nema, sannan na rubuta. A dikten kalmomi uku suka fito daga cikin waɗanda na taɓa ɓatawa na gyara. Bayan kwana goma Bitrus ya shigo gida ko sallama bai gama ba, ya ce ni aka ɗauka, in fara aiki farkon watan da ke bin mai kamawa. Innarku ta raba ƙosan ranar kyauta. Ummi tana tsakiyar rubuta tata jarrabawar, ta dawo da rana aka gaya mata, ta zauna a bakin rijiya ta rufe fuska da kallabi.

Sakamakonsu ya fito bayan ruwa ya sauka sosai. Na ce zan raka ta, muka tafi a hankali saboda ƙuguna, muna kewaye taɓo. An manna takardu a bangon makaranta, yara sun yi cincirindo, wasu na tsalle. Ta kutsa ta duba, ta sake dubawa daga ƙasa zuwa sama. Na tsaya a baya ina kallon ƙeyarta, tun kafin ta juyo na gane. Daga baya muka ji maki kaɗan ne ya hana ta, kuma a kimiyya ne. Muka kamo hanyar dawowa har muka kusa gida. Na ce mata laifina ne, kuma zan faɗa wa kowa haka. Ta tsaya a tsakiyar hanya.

"Baba, kada ka faɗa. In mutane suka ji, za su ce 'yarka ce ta ci maka jarrabawa, kuma kai ka ci abinka. Ni shekara ɗaya ce, zan sake."

Na karɓi wannan magana da sauri fiye da yadda ya kamata. Maƙwabta suka ce wasa ya yi mata yawa, ta ce haka ne. Ƙawayenta suka wuce suka bar ta, ta koma aji ɗaya da yaran da ta girme, babbar ƙawarta ma daga nan suka yi nisa. Shekarar da ta biyo ta ci da kyau, sauran kun sani. Aikin sikelin nan shi ya ciyar da ku, shi ya kai ku makaranta har ku shidan da biyun da aka haifa daga baya. Ban roƙi Ummi gafara da baki ba sai bayan rasuwar Innarku, ranar da muka zauna mu biyu muna raba kayanta. Ta ce ba ta taɓa riƙe ni ba, ta ce da za a mayar da ita shekarar, a bayan rumbun za a same ta. Na ce duk da haka ni ne babba, ni ya kamata in ce ta tafi. Ta ce to ta yafe, in bar maganar. Ban bari ba, ga shi na rubuta, kuma na gaya mata zan rubuta.

Ranar Litinin da zan fara aiki, kwana huɗu ke nan da fitowar sakamakonta. Na fito daga masallaci na tarar ta zuba garwashi a dutsen guga tana goge mini farar rigata a kan tabarma, idanunta a kumbure. Ta bi wuyan rigar sau uku. Na sa, ta zagaya ta duba bayana, ta cire wani zare. Ba makarantar da za ta je ranar, sai ta ce za ta taka mini zuwa bakin titi. Muka tsaya a gefen hanyar Maruwa muna jiran motar ma'aikata, manyan motoci suna wucewa suna watsa ruwa. Da motar ta tsaya na ɗaga ƙafa zan hau, sai ta riƙo hannun rigata.

"Baba, in ka rubuta bakwai ka ja mata layi a ciki. Taka tana kama da ɗaya, kada su ce ka rage musu dutse."

Na ce to, Uwata. Na hau na zauna kusa da Bitrus, na juya fuskata wajen taga.